Masu Farautar Ƙirgar Harsunan Duniya

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka daga mota a Agege ko Sabon Badun ko Shagamu ko Anacha da niyyar neman abinci, ya san abu biyu ne mutum ya ke fara koya daga bakin mutanen gari tun kafin ya gane hanyar masaukinsa sosai, watau gaisuwa da ƙirga. Gaisuwa don a saki jiki da kai, ƙirga kuwa don kada a cuce ka. Akwai mutanenmu da yawa waɗanda suka yi shekara ashirin a Kurmi ba su iya haɗa magana biyu da Yarbanci ba, amma in ciniki ya kai wajen kuɗi, ko 'yar kasuwar Dugbe ba ta isa ta ruɗa su ba.

To, ashe abin nan da mu ke koya don dole, akwai waɗansu bayin Allah da suka mai da shi abin yinsu, ba don ciniki ba, ba kuma don wani ya biya su ba. Yadda wani ya ke tara kan sarki na ƙasashe, wani ya ke tara tsofaffin kuɗi, su kalmomin ƙirga su ke tarawa, harshe bayan harshe.

Akwai wani mutum a ƙasar Silobeniya, wata 'yar ƙaramar ƙasa da ke maƙwabtaka da Italiya, wanda ya yi shekara da shekaru yana aika wa mutane wasiƙa iri ɗaya. Ba ya tambayar kome sai yadda a ke ƙirga ɗaya zuwa goma cikin harshenka. Ya tara na dubban harsuna, kuma abin da ya fi sa aka san shi shi ne ba ya raina harsunan da mutane suka zauna suka ƙaga da kansu. Har ta kai masu wannan sana'a ta ƙaga harshe suna yi wa juna ba'a cewa harshenka bai cika harshe ba sai ranar da wasiƙar mutumin nan ta iso ka. A Amurka kuma wani marubuci mai suna Mark Rosenfelder ya jera ɗaya zuwa goma na harsuna fiye da 5,000 a intanet. Wani mutumin Hong Kong mai suna Eugene Chan shi ma ya tara tsarin ƙirgar harsuna fiye da 4,000, aikinsa har wata babbar cibiyar bincike ta Jamus mai suna Max Planck ta ba shi wurin ajiya. In mai karatu ya tuna cewa harsunan duniya duka wajen 7,000 ne, fiye da 500 daga cikinsu a Nijeriya su ke, zai ga mutanen nan ba ƙaramar tafiya suka yi ba.

Na san wani zai ce wannan ai aikin wanda ya ƙoshi ne. Ni ma da farko haka na ɗauka.

Bajamushen Saliyo

Aikin ba sabo ba ne, kuma mu Hausawa mun daɗe da shiga cikinsa ba mu sani ba. Tun a 1786 wani malami ɗan ƙasar Sifen mai suna Lorenzo Hervás ya buga littafi sukutum a kan ƙirgar al'ummomi. Amma wanda ya fi shafarmu shi ne wani Bajamushe ɗan mishan, Sigismund Koelle, wanda ya sauka Firitawun ta ƙasar Saliyo a 1847 don koyarwa a makarantar Fourah Bay.

A zamanin nan Ingila ta riga ta hana cinikin bayi tun 1807, jiragen yaƙinta suna tare jiragen masu fataucin bayi a teku, in sun kama su sai su kai mutanen da ke ciki Firitawun su sake su. Saboda haka garin ya cika da mutane daga kowane lungu na Afirka, Yarbawa da Ibo da Nufawa da Barebari da Hausawa da mutanen Kwango, har da na Mozambik. Koelle ya ga dama ta samu. Sai ya tsara kalmomi da gajerun maganganu wajen 283, ya riƙa kiran mutanen nan ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu yadda a ke faɗinsu a garinsu, yana rubutawa. Da ƙirga jerin ya fara. A 1854 aka buga littafin a London da sunan Polyglotta Africana, da harsuna fiye da 150 a ciki, har da Hausar Kano da ta Katsina.

Abin da ya fi taɓa ni a aikin mutumin nan shi ne bai tsaya ga kalmomi kaɗai ba. Ya kan rubuta daga wane gari mutum ya fito, yaya aka kama shi, shekara nawa rabonsa da gida, kuma 'yan'uwansa nawa ne a Saliyo. Akwai waɗanda su kaɗai ne masu harshensu a duk ƙasar, ba su da wanda za su ce wa sannu. Mai karatu da ke zaune a Fatakwal ko Kalaba, wanda in kewar gida ta dame shi zai shiga mota ya kwana a Kano, ya dubi halin mutumin da ya yi shekara talatin bai ji harshen uwarsa ba, sa'an nan ga wani Bature ya zaunar da shi ya ce ya ƙirga masa. Babban mai taimakon Koelle wajen Barbarci ma irinsu ne, wani Babarbare mai suna Ali Eisami, ɗan malami daga Barno, wanda aka kama aka sayar har ƙasar Yarbawa kafin a sa shi jirgi a 1818. Akwai harsuna da dama na ƙasar nan da ba a taɓa rubuta ko kalma ɗaya tasu ba kafin littafin nan.

Me ya sa ƙirga?

Dalili na farko mai sauƙi ne. In ka tambayi mutum yadda a ke cewa kunya ko mutunci a harshensa, sai ku kwana kuna gardama a kan ma'ana. Amma in ka ɗaga yatsa uku, uku ne a ko'ina.

Na biyu kuwa, ƙananan lambobi suna da taurin kai, ba su cika canzawa da wuri ba, saboda haka su kan tona asirin dangantaka. Mutanen Malesiya suna ce wa biyar "lima". Mutanen Fiji, can tsakiyar tekun Fasifik, su ma "lima". A Hawai kalmar nan ita ce biyar, ita ce kuma hannu. A tsibirin Madagaska da ke gefen Afirka ana cewa "dimy", kuma bincike ya tabbatar kakannin mutanen tsibirin daga wajen Indonesiya suka ƙetaro teku. Mu ma muna da namu. Huɗu, wadda waɗansu ke cewa fuɗu, masana sun daɗe suna kwatanta ta da kalmar huɗu ta Misirawan zamanin Fir'auna, wadda a ke rubutawa da baƙaƙen f da d da w, da kuma "faɗig" ta mutanen Beja na gabashin Sudan. Tana cikin shaidun da a ke kawowa cewa Hausa da tsohon Misiranci da Larabci da Buzanci gida ɗaya suka fito tun zamani mai nisa.

Amma fa a yi hattara, gama ƙirga ta kan yi ƙarya. Ashirin da talatin da arba'in har zuwa casa'in duk aro ne muka yi daga Larabci ta hanyar malamai da fatake, ba gado ba ne. Masu Suwahili na Kenya da Tanzaniya su ma suna cewa "ishirini" da "hamsini", ba kuwa don mun haɗa kaka da su ba, sai don rijiya ɗaya muka ɗebo.

Lissafin maƙwabtanmu

A nan ne ni ke da ƙorafi a kan masu tara ɗaya zuwa goma kawai. Wanda ya tsaya a goma bai ga kome ba. Ɗauki Yarbanci. Daga "okan" da "eji" da "eta" har "ewa" ba wani abin mamaki. Sha ɗaya zuwa sha huɗu ma ƙari ne a kan goma kamar namu. Daga sha biyar ne labari ya ke canzawa, don Bayarabe ya daina duban goma da ya baro, ya koma hangen ashirin da ke gabansa. Sha shida a wurinsa "merindinlogun" ce, watau huɗu ta ragu daga ashirin. Ashirin "ogun", arba'in "ogoji", ashirin biyu ke nan, sittin "ogota", ashirin uku. Hamsin kuwa "aadota", watau sittin ba goma. To, arba'in da biyar fa? "Marundinlaadota": a ɗauki ashirin sau uku, a cire goma, a sake cire biyar. Duk wannan a kalma ɗaya, kuma tsohuwa mai sayar da barkono za ta faɗe ta ba tare da ta ɗaga kai daga farantinta ba.

Waɗansu masana sun ce daga ƙirgar wuri wannan tsari ya samo ƙarfi. Mai ƙirga ya kan ja wuri biyar biyar da yatsu, ya tara ashirin ashirin, ya haɗa su tsibi na 200, wanda su ke kira "igba". In ana son abin da bai kai tsibi ba, ya fi sauƙi a zare kaɗan daga cikakken tsibi da a sake ƙirga daga farko. Buhun wuri 20,000 shi ne "oke kan".

Kafin mu yi musu dariya, mu dubi kanmu. Wa bai taɓa jin tsoho ya ce ashirin biyu babu ba, maimakon sha takwas? Ko ɗari ba ɗaya, ko arbaminya gaira ashirin? Ragi ne irin na Bayarabe. Muna da hauya, ashirin ke nan, sittin kuwa hauya uku. Muna da zangu, wuri ɗari. Kafin Larabci ya shigo muna da gomiya biyu da gomiya uku, kuma har yanzu a ƙasar Sakkwato da Gobir da Jamhuriyar Nijar a kan ji gomiya tara a bakin mutane. Buhun nan na wuri 20,000 mu ma muna da shi, shi ne jaka ko keso. Kalmar kuɗi kanta ai jam'in wuri ce. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ga yadda a ke ƙirgar wuri biyar biyar a Tasawa a 1851, ya kuma rubuta cewa a Kano wuri 2,500 ke sayen dala ɗaya ta azurfa. Jaka guda dala takwas ke nan, kuma kaya ce ta ƙato.

Wuri ya tafi, jaka ba ta tafi ba. Ta koma fam ɗari, da aka yi canjin kuɗi a 1973 ta zama naira 200. A Nijar kuwa jaka ita ce tamma dubu ta sefa, domin can da dala a ke ƙirga, kowace dala tamma biyar, saboda haka in Bamaraɗe ya ce dala ashirin, ɗari ya ke nufi a rubuce. Baƙo da yawa ya sha kunya a kan wannan. 'Yan goro na Shagamu kuwa ba sai na gaya muku ba, ƙwarya goro ɗari ce, ko da babu ƙwarya a wurin.

Ibo ma da ashirin ashirin su ke ƙirga a da, suna da "ogu" ko "ohu" ta ashirin da "nnu" ta 400. Cikin shekarun 1970 masu kula da daidaita harshen suka zauna suka tsara sabuwar ƙirga ta goma goma don makarantu, da "nari" ta ɗari da "puku" ta dubu da "nde" ta miliyan. Fulani kuwa biyar ce matattararsu: "jowi" biyar, shida "jeego", biyar da ɗaya, bakwai "jeeɗiɗi", biyar da biyu, haka har tara. Faransawa da duk iliminsu tamanin a wurinsu ashirin huɗu ce, casa'in kuwa ashirin huɗu da goma, 'yan makarantar Damagaram sun san wahalar wannan.

Akwai waɗanda suka fi haka nisa. Mutanen Oksapmin na ƙasar Papuwa Niyu Gini da jiki su ke ƙirga. A fara daga babban yatsa, a bi sauran yatsu, wuyan hannu shida, gwiwar hannu takwas, kafaɗa goma, kunne sha biyu, ido sha uku, hanci sha huɗu, sa'an nan a gangara ta ɗaya gefen har a ƙare a ƙaramin yatsa, 27 ke nan. Mutanen Piraha na dajin Amazon a Barazil kuwa, binciken da aka buga a 2008 ya nuna ba su da kalmar adadi tsayayye ko ɗaya, sai irin su kaɗan da da dama. Ina mai tara ɗaya zuwa goma zai sa waɗannan a jadawalinsa?

Harsunan da aka ƙera

Mu koma kan ƙagaggun harsuna. Mafi shahara shi ne Esperanto, wanda wani likitan ido mai suna Zamenhof ya fitar a birnin Warso a 1887. Ya tashi a garin Bialystok, inda Yahudawa da Polawa da Rashawa da Jamusawa ke zaune wuri ɗaya ba sa jin maganar juna, kullum cikin zargi, halin da mazaunin kowane Sabo zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya yi tunanin in aka sami harshe mai sauƙi wanda ba na kowa ba, husuma za ta ragu. Ƙirgarsa ita ce unu, du, tri, kvar, kvin, ses, sep, ok, naŭ, dek. Sha ɗaya "dek unu", ashirin "dudek", watau gomiya biyu sak. Ka ga abin da likitan Turai ya zauna ya tsara don sauƙi, shi ne abin da kakanninmu suka bari suka ari ashirin.

Waɗansu kuwa don wasan kwaikwayo aka yi su. Marc Okrand ya ƙera harshen Klingon don finafinan Star Trek cikin shekarun 1980. Paul Frommer ya ƙera Na'vi don fim ɗin Avatar na 2009, kuma da ya ke halittun da ke cikin fim ɗin yatsa huɗu gare su a kowane hannu, sai ya sa su ƙirga takwas takwas. Wannan ya nuna ya fahimci cewa goman da mu ke gani kamar dole, yatsunmu ne kawai suka jawo ta. Wata mata a Kanada, Sonja Lang, ta fitar da Toki Pona a 2001 da kalmomi wajen 120 kacal. A ciki akwai "wan" ɗaya, "tu" biyu, abin da ya wuce nan "mute", da yawa, in kuma an matsa a ce "luka", hannu, a matsayin biyar.

Afirka ma ba a bar ta a baya ba. A Gana, K. A. Kumi Attobrah ya fitar da Afrihili a 1970 don ya zama harshen nahiyar duka. A nan gida kuwa Alex Igbineweka, mutumin ƙasar Edo, ya haɗa Guosa daga Hausa da Yarbanci da Ibo da waɗansu harsunan ƙasa. Ɗayarsa da gomarsa namu ne, biyu da uku na Yarbawa. Ra'ayina dai, harshe ba a raba shi kamar muƙaman gwamnati, kowace jiha ta sami nata. Kasuwa ce ke zaɓen harshen da za a yi ciniki da shi, ba ta kuwa taɓa neman shawarar kowa ba. Duk da haka ban ga laifin wanda ya rubuta ƙirgar Guosa kusa da ta Hausa a littafinsa ba, don ita ma shaida ce ta abin da wani ɗan ƙasa ya yi fata.

Abin da ke salwanta

Wani shehun malamin harsuna ɗan Ingila, Bernard Comrie, ya yi gargaɗi a 2005 cewa tsarin ƙirga ya fi harshen kansa saurin mutuwa. Mutane za su ci gaba da hira da faɗa da waƙa cikin harshensu, amma da zarar makaranta da kuɗin takarda sun shigo, sai ƙirga ta koma ta mai ƙarfi.

Misalin yana ƙofar gidanmu. A tsakiyar Nijeriya akwai al'ummomi da dama da a da su ke ƙirga sha biyu sha biyu, abin da ba a cika samu a duniya ba, har masana na ƙasashen waje suna ambaton ƙasar nan saboda shi. Akwai Janji da Piti da Gure da Kahugu. A Birom na Jos, kalmar "kuru" da sha biyu ta ke nufi, yanzu ta koma goma. Gwandara kuwa, wadda ita ce 'yar'uwar Hausa mafi kusa, tana da wani reshe mai suna Nimbiya inda aka rubuta ƙirga kamar haka: da, bi, ugu, furu, biyar, shide, har zuwa "gwom". Duk Bahaushe zai gane waɗannan. Amma ba su ce gwom sha ɗaya ba, suna da "kwada" ta sha ɗaya da "tuni" ta sha biyu, daga nan a sake ɗorawa, har tuni sha biyu, 144, wadda su ke kira "wo". Kada wannan ya zama baƙon abu ga wanda kakansa ya yi ciniki da sule mai kwabo sha biyu, da sisi da taro da nai. Abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kai shi ne, ba Turanci ne ya ture yawancin waɗannan tsare-tsare ba, Hausa ce, ta kasuwa da ta makaranta.

Yanzu kuma abin ya zagayo kanmu. Kwanan baya na sauka gidan wani ɗan'uwana a Ikko, na aiki yaronsa ɗan shekara goma sha biyu ya sayo mini kati na ɗari biyar. Yaro yana jin Hausa sarai, da ita mu ke hira tun safe, amma ya tsaya yana duban uwarsa sai da ta faɗa masa da Turanci. Na gwada shi, ya kai goma lafiya, ya yi ɗingishi zuwa ashirin, a saba'in da tamanin ya tsaya cik. Ban ga laifinsa ba. Mu manya wa ya ke faɗin lambar wayarsa da Hausa? Wa ya ke cewa metan ko hamsaminya ko alfyan? Zambar dubu da jaridun da su ke rubutawa, miliyan ta kore ta tun kafin a haife ni. Yaran Yarbawa ma haka su ke, da yawa ba su iya kai talatin da harshensu ba, iyayensu suna kuka da haka.

Ku da ke zaune a Kurmi kun fi mu da ke gida damar yin wannan aiki, don a layi ɗaya na Idi Araba ko Obalende za a sami mai Nufanci da mai Tibi da mai Igala da mai Ibibiyo da Bazabarme da Babarbare, kusan irin taron da Koelle ya samu a Firitawun. Ba ya bukatar kome sai littafin rubutu na 'yan makaranta da biro. A nemi tsoho ko tsohuwa, don matasa aro za su ba ka. A rubuta sunan garinsu, ba sunan ƙabila kaɗai ba, gama ƙauye da ƙauye su kan bambanta. Kada kuma a tsaya a goma. A tambayi sha ɗaya da sha biyu da sha biyar da sha tara, a tambayi ashirin da arba'in da hamsin, da ɗari da metan da arbaminya, sa'an nan a tambaya ko akwai wata ƙirga dabam ta doya ko ta goro ko ta kuɗin aure. Wanda ya samu ya aiko wa wannan fili, za mu buga da sunan garin da aka samo. Ni na fara da kakata ta wajen uwa, wadda har yanzu in ana maganar sadakinta sai ta ce jaka ɗaya da rabi.